Jini a Kan Asuwaki

"Naja'atu, cire mayafin nan daga bakinki ki dube ni!"

Ba ta cire ba. Tunda Muzammil ya fara tahowa zance Kademi daga Ajingi, bai taɓa ganin dariyarta ba sai ta bayan ƙyalle. Yau kuwa ko zama bai yi ba.

"Umma ta ce a dakatar da lefe," in ji shi. "Wai Lauratu ta gan ki kina tofar da jini... wai tarin tibi gare ki."

Lauratu, 'yar ƙanwar Ummansa, wadda ta daɗe tana son sa!

Hawaye suka zubo wa Naja'atu. Kunya ce ta rufe mata baki, ga shi tana neman raba ta da wanda take so kamar ranta.

"Ba tari ba ne... dasashina ne. Da na sa asuwaki sai jini, ga wari. Na dirza gawayi da gishiri har na gaji."

"Haba sanyin idona! Shi ne kika ɓoye min? Gobe sai asibitin Gaya."

Kaka Hanne, da ke laɓe kamar kullum, ta leƙo zauren.

"Ba inda za ta! Su kankare min haƙoran jika, su bar ta da giɓi?"

"Kaka, ke da ba ki taɓa zuwa ba, ina naki suke?" in ji Muzammil.

Tsohuwa ta janye kanta. Ita da goro ma sai an goga mata.

Washegari Muzammil ya lallaɓo Ummansa ta raka su asibitin don ta ji da kunnenta. Aka duba ƙirji, lafiya lau. Likitar haƙori ta ce datti ne ya daskare a gindin haƙoran kamar ƙanzo, shi ke kumbura dasashi, kuma asuwaki ba ya iya ɓamɓare shi sai wankin asibiti.

Da aka gama wankin, harshen Naja'atu ya ji rata tsakanin haƙoranta na gaba. Shi ke nan, maganar Kaka ta tabbata!

Ta fito hannu a baki.

"Sauke hannun, 'yata," in ji Umma.

Ta sauke a hankali.

"Ikon Allah... wushirya! Ashe datti ne ya toshe ta!"

Naja'atu ta yi dariya, a fili, karo na farko. Muzammil ya saki baki.

Umma ta ɗaka masa duka a kafaɗa.

"Kau da idonka, marar kunya, ba a ɗaura ba tukuna! Wuce mu je a ƙarasa haɗa lefen."