Gadar da Ke Nutsewa

Shekarar da ruwa ya cinye fadamar Haɗeja, Ja'afaru ne ke lura da wata ƙaramar gadar jirgin ƙasa kusa da Malam Madori. Baturen injiniya ya kafa turken ƙarfe a gefe, ya ce ya riƙa auna tsayin gadar da shi dare da rana, in ta sunkuya da yawa ya tsayar da jirgin fasinja. Kullum kuwa sai ta ɗan ƙara yin ƙasa.

Wani dare barci ya cika masa ido, tafin ƙafarsa ya jiƙa har ya yi fari. Ya gangara da fitila yana hamma, sai kwaɗi suka yi tsit gaba ɗaya.

"Sannu da aiki, ɗan nan."

Wata tsohuwa ce tsaye a ƙarƙashin gadar, ruwa iya ƙugunta, a wurin da sandar tuƙin kwalekwale ba ta taɓa ƙasa.

"Yauwa, Iya. Me kike yi a nan da tsakar dare?"

"Na gaji ne," in ji ta. "Tun da kuka ɗora mini ban huta ba. Kai da ke aunawa, ba ka ga wuyana yana lanƙwashewa ba?"

Ya ɗaga fitilar. Ƙarfen gadar a kan gammonta yake zaune. Ta ɗan gyara kafaɗa, layin dogo ya yi ƙara a samansa.

"Matso," ta ce a hankali. "Kama mini in sauke."