Jarumin Ya'u a Hannun Aina'u

Aina'u ta yi sauri ta cusa wayarta cikin jaka. Kamilu, ɗan ƙungiyar wasansu, yana jingine da katangar kamfanin alewa na Bompai inda take aikin ƙunshe kaya, yana murmushi irin na wanda ya tsinci abin wani kuma bai yi niyyar cigiya ba.

"Ya'u ba ya ja da baya don ya kare wanda ya ji rauni," in ji shi. "Tun da muke wasa bai taɓa yi ba. Wannan halinki ne, ƙanwata. Ke ce kike buga masa."

Ma'aikatan safe suna ta fitowa daga ƙofa. Ta ji kamar kowannensu ya ji maganar.

Wasan na intanet ne, a waya ake yin sa. Mutum goma ke haɗuwa su kutsa kogon dodo, kowa da jarumin da yake sarrafawa, kowa da aikinsa: wani ya tare duka a gaba, wasu su kai sara, wani ya yi jinyar waɗanda suka ji rauni. Idan ɗaya ya yi sakaci, duka goman sun faɗi. Ƙungiyoyi na gasar wadda za ta riga kayar da dodon, kuma dokar gasar ba ta da sassauci: wanda aka kama yana buga jarumin wani, a kori ƙungiyarsa baki ɗaya.

A can Aina'u ta san Ya'u, shi yana gaba, ita tana jinya. Mahaifinta, Malam Lawal, wanda ya tsufa a masana'antar jima ta Challawa, bai ga dalilin da zai sa baligi ya yi gumi saboda dodon da ke cikin waya ba, don haka ya hana ta wasan. Amma ya karɓi Ya'u, domin yana da aiki a kamfanin robobi na Sharada, har aka tsayar da ranar da kawunnansa za su zo neman aure.

Sai inji ya cinye masa yatsu biyu na hannun dama.

Kamfanin ya biya kuɗin ɗinki, ya yi masa fatan alheri, ya ɗauki wani. Ya'u ya ɓuya a ɗakin wani abokinsa a Zawaciki, ya aika wa Malam Lawal cewa yana Ringim wurin jinyar mahaifiyarsa. Ita kuma Aina'u ta karɓi jaruminsa tana bugawa a ɓoye, makirufo a kashe, don kada a cire shi daga ƙungiya a fara tambayar dalili.

Kamilu ya daɗe a benci yana jiran gurbi, kuma ya taɓa neman Aina'u aka ba shi haƙuri. Buƙatarsa, a cewarsa, ƙarama ce: ranar Lahadi ta bari jarumin Ya'u ya faɗi tun farkon yaƙi, shugaban ƙungiya ya cire shi. In ta ƙi, zai sanar da masu gasa, sannan ya je ya gaishe da Malam Lawal ya tambaye shi lafiyar hannun surukinsa.

Tun daga ranar abinci ya daina shigarta. Babur ya tsaya a layinsu, sai ta leƙa ta ga ko waye. Aka yi sallama a zaure, sai ta saki abin da ke hannunta. Ta san mahaifinta: yana iya yafe talauci, amma ya taɓa raba gari da ɗan'uwansa na jini saboda ƙarya ɗaya.

Ranar Asabar ta kira Ya'u tana kuka ƙasa-ƙasa a bayan ɗaki. Ya ce ta ba Kamilu abin da yake so, wasa ne kawai.

"Ba zai tsaya a nan ba, masoyina," ta ce. "Yau gurbi yake so. Gobe fa? Ina tsoro... Ko inuwar mutum na gani a ƙofar gidanmu, sai in ce shi ne."

Sai ya tambaye ta abin da ya fi damunsa.

"Zuciyata, in na je Baba ya ga hannun nan ya ce ya fasa fa?"

"In daga bakin Kamilu ya ji, ba ma zai tsaya duba hannun ba."

Lahadi bayan la'asar ƙungiya ta taru a bakin kogo. Kafin Dauda, shugabansu, mutumin Filato mai tuƙa motar ɗaga kaya a Challawa, ya ba da umarnin shiga, Aina'u ta kunna makirufo. Muryar mace ta fito daga jarumin Ya'u, ta faɗi komai.

Dauda ne ya fara magana.

"Mutum ya rasa yatsu, mu muna nan muna yabon sabon salonsa," in ji shi. "Wace unguwa yake? Zan je in zage shi, sannan in duba shi."

Da kansa ya kai rahoto ga masu gasa, aka dakatar da ƙungiyar zuwa baɗi. Kamilu ya samu gurbin da ya daɗe yana nema, a ƙungiyar da ba ta da yaƙin zuwa.

Kafin magariba Ya'u ya yi sallama a zauren Malam Lawal. Aina'u ta laɓe a bayan ƙofa, ta zauna a ƙasa. Ta ji shi yana bayani: injin, sallamar da aka yi masa, Ringim ɗin da bai je ba. Ta ji mahaifinta ya ce ya kwance bandejin.

Ta toshe bakinta da gefen mayafi.

"Na ga waɗanda inji ya yi wa fiye da haka, kuma sun aurar da 'ya'yansu," in ji Malam Lawal. "Hannun ba shi da laifi. Amma ka kwantar da mahaifiyarka ciwon da ba ta yi ba, har na sa aka yi mata addu'a a masallaci."

Ya'u ya ba da haƙuri. Tsohon ya tambaye shi wa ya tilasta masa zuwa. Ya ce tsoro ne ya hana shi, tsoro ne kuma ya kawo shi, domin gara ya rasa Aina'u a kan gaskiya.

Malam Lawal ya yanke cewa kawunnan su dakata sai Ya'u ya samu abin yi, sai kuma ya je Ringim da gaske ya gaya wa mahaifiyarsa abin da ya ɗora mata. Sannan ya ɗaga murya ba tare da ya waiwaya ba.

"Ke da ke bayan ƙofa, tashi ki kawo wa mijinki ruwa. A kofi mai mariƙi."