Hwara Inna Ta Ce, Ba Fara Ba

Jama'ata, barkanku da hutawa! Har da ku masu karantawa a ɓoye ku wuce ba ko gaisuwa, ina ganinku. Ku gyara zama, yau labarin gayen da gyaran Hausa ya kusa raba shi da matar aure na kawo muku.

Tajuddeen ɗan Tsafe ne, yana karatun aikin jarida a Gusau. In ya kama makirufo sai ka rantse a Kano aka yanke masa cibiya. Tun ranar da ya ce "mi kaka so" a aji aka kwashe da dariya, ya ninke Zamfarcinsa ya cusa a aljihu.

Sai malaminsu ya ba da aiki: ɗan jarida ɗaya, ɗan adabi ɗaya, a naɗo muryar wani dattijo a yi shirin rediyo na minti goma. Aka haɗa shi da Muzdalifa, 'yar Bungudu.

Ta zo da littafinta ta tsaya a kansa. "Kai ne Tajuddeen?"

Ya ɗago, ya gan ta, ya manta sunansa. "Ga mu nan dai, masu sauraro."

"Ni kaɗai ce a nan, Malam Makirufo."

Shi ke nan, suna ya bi shi. Shi kuma ya sa mata Edita, don ba ya gama jimla ba ta gyara masa ba.

Ta ce kakarta za su naɗa, Inna Lami. Ranar Asabar suka je Bungudu. Tsohuwa ta baje a tabarma tana ɓarar gyaɗa, ta ba su labarin shekarar da fara ta cinye gero tana yarinya.

"Hwara tat taho kamar hadari, ɗiyana. Munka hita da kwanoni muna bugu. Da munka ga ba ta jin bugu, sai munka soye ta munka ci. Ta ci namu, mun ci ta!"

Dariya har Tajuddeen ya kusa yar da rikoda. A motar dawowa kuwa ba labarin fara ake ba. Kafin su iso Gusau ya turo mata saƙo, alhali kujera ɗaya ce tsakaninsu:

"Edita, akwai wata jimla a zuciyata, ina tsoron ki gyara ta."

Ta mayar: "Turo. In ta yi daidai zan bar ta."

"Ina son ki."

"Ba kuskure. Ci gaba."

Wata biyu ana haka, har maganar ta kai kunnen babanta, Malam Uwaisu, ya ce bayan jarrabawa yaron ya turo manyansa.

To, nan gayenku ya tafka ta. Da ya zauna haɗa shiri, ya ji "hwara", ya ji "munka", sai dariyar ajin nan ta dawo masa. Ya kwafe maganar Inna, ya mayar da ita Hausar labarai, ya ba Safiya 'yar ajinsu ta karanta. Safiya kuwa dama tana neman hanyar zama kusa da shi, har da ƙara yanga a murya.

Ya tura wa Muzdalifa: "An gama, Edita. Ya fito tsaf."

Ita kuma don ɗoki ba ta saurara ba. Ta kai gida, aka tara kowa a tsakar gida, Inna a tsakiya ta sha sabon kallabi. Aka kunna.

"A wata shekara, fara ta afka wa gonakinmu..."

Inna ta karkata kunne. "Wagga wa ta? Ina tawa muryar?"

Malam Uwaisu ya miƙe ya kaɗe rigarsa. "Wanda yaj ji kumyar bakin uwata, gobe bakin ɗiyata za shi jin kumya. A ce mai kar shi turo kowa."

Saƙon da ya shigo wa Tajuddeen gajere ne: "Ka goge kakata ka sa Safiya. Ka je ta gyara maka sauran jimlolin."

Kira goma sha ɗaya, ba a ɗaga ba. Ya zauna ya kunna asalin muryar Inna, ya ji ta tun daga farko, sai ya ji kamar kakarsa ce ta Tsafe ke magana. Kunya ta rufe shi, amma ba irin ta da ba.

Ya je ya roƙi malami ya ƙara masa kwana uku. Ya watsar da na Safiya, ya mayar da Inna, har tarinta da ƙarar ɓawon gyaɗa bai cire ba. Ya sake naɗar gabatarwa. Ranar Juma'a bayan an sauko masallaci ya dira Bungudu da 'yar sifika a hannu, ya durƙusa a zaure.

"Baba, ban zo da baki ba. Minti goma nake roƙo."

"Ba ni da shi."

Daga cikin gida Inna ta ɗaga murya: "Uwaisu, bar shi shi kunna! In muryar wagga baƙuwar yarinya ta ƙara hitowa, ni da kaina nika kora tai."

Ya danna. Muryarsa ce ta fara fita, ba ta makirufo ba, ta gida:

"Sunana Tajuddeen, ɗan Tsahe. Wanga labari na Inna Lami na, kuma da bakinta za ku ji shi, don ba ni da wanda yah hi shi."

Sai ga Inna: "Hwara tat taho kamar hadari..."

Tsohuwa ta fito har zaure ba takalmi. "Ni ta! Wallahi ni ta!" Da aka zo "ta ci namu, mun ci ta", Malam Uwaisu ya yi ta danne dariya har ta ƙwace masa. Ya share ido da hannun riga, ya dubi yaron.

"Ashe kana da baki, kaɓ ɓoye shi?"

"Na hiddo shi, Baba. Ba ya komawa."

"To manyanka su taho."

Wayarsa ta yi ƙara a aljihu. Muzdalifa ce, tana leƙe ta bayan ƙofa: "Na saurara, Malam Makirufo. Ba gyara."

Shirin nan shi ya zo na ɗaya a ajin, waɗanda suka taɓa yi masa dariya da su aka yi tafi. Bayan sallah aka ɗaura aure a Bungudu, motocin Tsafe har bakin titi. Inna ta kama hannun ango da na amarya ta haɗa: "Allah shi ba ku ɗiya masu jin magana, masu yin ta irin tamu." Aka ce amin har da guɗa.

Yanzu ku gaya min tsakani da Allah: da ku ne Muzdalifa, a kira na nawa za ku ɗaga? Ku kuma mazan, wa zai iya komawa zauren nan da sifika?