Farantin Kaka

Akwai wata yarinya da ake kira Auta. Duk gidansu ba ta da aboki kamar Kakanta. Shi ke gyara mata fensir, ita kuma ke nemo masa tabarau idan ya ɓata. Kaka yana kiranta uwar ɗakina, domin ita ke kai masa abinci.

Wata rana Auta ta ga Mama ta ɗora tukwane biyu. A babbar akwai shinkafa fara tas. A ƙaramar kuwa wata ce mai ruwan ƙasa, kamar ba a wanke ta ba. Mama ta zuba wa kowa fara, ta zuba wa Kaka mai ruwan ƙasa.

Ran Auta ya ɓaci. Ta ce a zuciyarta, "Ya za a ba Kakana mai datti?"

Ba ta tambayi kowa ba. Da ta isa ƙofar ɗakinsa, sai ta musanya farantan. Ta ba shi nata, ta zauna ta ci nasa tana ɓata fuska.

Kaka ya leƙa farantin, ya dube ta ta saman tabarau. Sai ya cinye tas.

Haka ta riƙa yi duk ranar da aka dafa shinkafa.

Sannu a hankali Kaka ya fara canzawa. Ga yawan ƙishirwa, ga kasala. Da Auta ta dawo daga makaranta sai ta tarar da shi yana gyangyaɗi. Ko labari ya daina ba ta.

Mama ta kai shi asibiti, Auta ta bi su. Likita ta ɗan soki yatsansa, ta auna jininsa.

Ta ce, "Baba, sukarinka ya hau. Kana shan magani?"

"Ina sha, 'yata."

Mama ta ce, "Likita, wallahi ina kiyayewa. Tukunyarsa daban, kuma da awo nake zuba masa."

Sai Auta ta fara hawaye.

"Ni ce, Mama. Ni nake ba shi farar shinkafata. Na zaci tasa mai datti ce."

Likita ba ta yi faɗa ba. Ta jawo Auta kusa.

"Ba datti ba ne, ƙanwata. Kowace ƙwayar shinkafa tana da 'yar riga, ita ce dusa. Idan inji ya goge rigar, sai ta zama fara. To, a cikin rigar nan yawancin bitamin yake. Ita ce kuma ke sa abinci ya narke a hankali."

Auta ta share ido. "To farar guba ce?"

"A'a. Ita ma abinci ce, tana ba da ƙarfi. Sai dai tana narkewa da sauri, sukari ya hau jini da sauri. Ke mai guje-guje ba za ta dame ki ba. Kaka kuwa jikinsa ba ya so. Ko mai dusar ma kaɗan zai ci, da ganye da wake."

Kaka ya yi gyaran murya. "Likita, kada a ɗora wa uwar ɗakina ita kaɗai. Idona ne ba ya gani sosai, amma harshena lafiyarsa lau. Na sani sarai, daɗi ne ya rufe mini baki."

Likita ta yi dariya. Mama ta riƙe haɓa.

"Ashe ɓarayin biyu ne! Ni ma da laifina, Auta. Da na yi miki bayani tun farko."

Ba a daɗe ba Kaka ya warware, labarai suka dawo.

Ranar da aka sake dafa shinkafa, Mama ta ɗebo fara za ta zuba wa Auta. Auta ta janye farantinta.

"Mama, ta Kaka nake so. Na saba da ita, ta fi daɗin tauna."

Mama ta yi murmushi, ta zuba mata. Sannan ta dafa kanta ta ce, "Ƙaunar da kike wa Kakanki abu ne mai kyau. Amma idan kin ga abin da ba ki gane ba, ki tambaya kafin ki gyara. Kuma ba launi ke nuna amfanin abinci ba."

"Na ji, Mama," in ji Auta. Ta ɗauki farantan biyu, ta nufi ɗakin Kaka.