Na Ƙarfafa Hujjar Gwaggo

"Gwaggo ta ce a'a, ko?" na tambaya.

Marwan bai ɗago daga littafin ba. Muna falon gidansu a unguwar Utaibiyya ta Makka bayan la'asar, mahaifiyarsa Gwaggo Ghada, ƙanwar Babana, tana kicin tana buga tukwane don mu san tana nan.

"Mu gama wannan tambayar tukuna, habibti..."

Shirin jarrabawar shiga makarantar lauyoyi yake yi, ta ƙasar waje, burinsa tun yana yaro. Ni ke taya shi da Turancin da na taho da shi daga Kano, lokacin da muka zo umara da Mama muka ƙi komawa. A kan tambayoyin nan zuciyata ta tafi, ban ma san ranar ba.

Ya karanta: wani gari ya sa fitilu a titi, sata ta ragu, don haka fitilun ne suka rage ta. Wace amsa ce za ta ƙarfafa wannan magana?

"Nemo ɓarakar," na ce. "Ƙila 'yan sanda aka ƙaro. Amsar da ta ce ba a ƙaro kowa ba, ita ta toshe ƙofar."

"Sah! Daidai!" Ya rufe littafin. "To haka hujjar Ummi take, Mujahida, duk ɓaraka ce! Wai ba ki da iƙama, takardar zama, ba za a yi wa aurenmu rajista ba, gara Shaima 'yar ƙawarta. Ya'ni takarda ba a gyara ta? Zan ɗage jarrabawar, in jira."

Na dube shi, son sa kamar ya tsaga min ƙirji. Ni da bakina da ba ya ganin ɓaraka ya ƙyale!

"Yaya Marwan, Gwaggo ba ta faɗi mai ƙarfin ba."

"Kamar yaya?"

"Ranar da na kai kaina gyaran takarda, hoton yatsuna za a ɗauka. Daga nan sai jirgin Kano, kuma shekaru ba zan sake shigowa ba. In ka jira ni, karatunka ya tafi. In ka biyo ni, ka bar Gwaggo ita kaɗai, ga ciwon ƙafarta..."

Ƙarar tukwanen ta tsaya.

Wallahi ba don ya yarda na faɗa ba. So nake ya daka min tsawa, ya ce ƙarya ne. Ya ce Kano ma gari ne. Ya kawo ko da amsar banza ce, irin wadda nake masa dariya a kanta, zan karɓa hannu bibbiyu.

Ya tsura wa tebur ido, leɓɓansa na motsi, yana bin maganata ɗaya bayan ɗaya yadda na koya masa.

"Ka ce wani abu mana!" Hawaye suka ɓalle min. "Ka rusa ta, hayati... don Allah ka rusa ta."

Da ya ɗago idanunsa sun kaɗa sun yi ja.

"Na duba ko'ina, Mujahida," ya ce a hankali. "Ba ki bar min ƙofa ko ɗaya ba."

Na ja niƙabina na rufe fuska tun ban kai bakin ƙofa ba. Bai biyo ni ba.