Igiyar da Ba Ta Jiƙe Ba

Da hantsi aka tsamo gawar Maharazu, ɗalibi ɗan Yawuri, daga wani rafi mai duwatsu a bayan Landan, ƙaramin kwalekwalensa a kife.

Uwarsa Hansai, wadda ya kawo asibitin Whitechapel aikin ido, ta dira ofishin 'yan sanda da sandarta. Ta tarar da Sufeto Harker, Baturen da ya yi aiki a Sakkwato, Hausa a bakinsa.

"An ce za ku rubuta ganganci ne ya kashe shi. Ƙarya ne! Ba za a binne mini ɗa da sunan wawa ba."

Ashe har Sufeto ya fara rubuta hakan a takarda. Ya kira Lawal, shugaban ƙungiyar ɗalibai masu tuƙin kwalekwale.

"Mece ce dokar rafin?"

"Akwai turke mai jan fenti, ranka ya daɗe. In ruwa ya taɓa jan fenti, ba a shiga. Kuma dole wani ya tsaya da igiya a ƙasan gangaren."

"Ruwan ya taɓa?"

"Ko kusa. Ni na riƙe igiyar, na jefa, ya kasa kamawa."

Sufeto ya je rafin tare da Lawal, Hansai na biye, ta ƙi zama a mota. Ruwa na ƙugi kamar zai haɗiye gaɓa. A jikin turken, laka ta bar shaida sama da jan fentin.

Daga nan ya sa aka buɗe but ɗin motar Lawal. Ga igiya a naɗe, busasshiya ƙarau, ko takardar kanti ba a cire mata ba.

"Wannan ka jefa?"

Lawal ya kai hannu zai rufe but ɗin.

"Kai nake tambaya!"

"Sabuwar kyamara na yi oda, ina son hoton da zan aika gida. Maharazu ya ce ruwan ya yi yawa, ba zai shiga ba. Na ce haba, kai Basarke ne, jikan masunta, ruwa ba ya cinku. Kowa ya san haka! Da ya shiga, sai na hau dutse da kyamara, na bar igiyar a mota."

"Ɗan banza!" in ji Hansai. "Kakansa ma a kogin Kwara ya nutse. Wa ya ce maka ba ma mutuwa?"

Aka danna wa Lawal ankwa, aka tura shi mota. Hansai ta dungure kafaɗar Sufeto da sanda.

"Yaga waccan takardar. Ka rubuta ɗana ya ce a'a."