Wadda Mzee Kombo Ya Gaisar

Shekarata tara ina aiki a Tanzaniya. Ranar da na cika arba'in, ƙawata Mwanaidi ta kai ni Pangani hutun ƙarshen mako. Da magariba muna yanka kek a baranda, sai ga wata 'yar yarinya ta taso daga bakin teku. Gashinta na ɗigar da ruwa, amma ba sawunta a yashi.

Na ce, "Zo ki ci, ƙanwata."

Mai masaukinmu Mzee Kombo, tsoho ɗan tamanin, ya durƙusa. Ya ce mata "shikamoo", gaisuwar da yaro ke yi wa babba.

Ta amsa. "Kombo, ka girma. Kwantar da hankalinka, bana ba wurinka na zo ba." Ta nuna ni da yatsa. "Ita ta kira ni."